Mai Gyaran Taru a Malpica

Shekara talatin da ɗoriya ina zaune a bakin gaɓar nan,
allura a hannu, taru a cinya,
iskar teku tana lasar kunnena da gishiri.
Ni ce Dorinda.
Ban taɓa barin rami ya kwana a ragar wani ba.
Kifi ya san ƙullina.

To, yau tawa ragar ce ta saki.

Atishawa ɗaya, ranar Talata,
a gaban Sabela da kwandon kifinta,
na ji ɗumi ya gangara inda bai nemi izini ba.
Na ja taru na rufe gwiwa,
na ce ruwan teku ne ya fantsamo.
Teku kuwa ta janye tun hantsi.
Sabela ta dubi teku, ba ta ce komai ba.

Daga nan na koyi lissafin da ba a koyarwa:
taku nawa daga rumfa zuwa ban ɗaki,
kurɓin gahawa nawa kafin motar Coruña,
wace dariya zan yi, wace zan haɗiye.
Dare sau uku, wani daren huɗu,
tafin ƙafa a kan sanyin daɓe,
Xurxo na minshari, bai san ana yi ba.
Na daina ɗaga jikata Uxía sama.
Wannan ya fi komai ciwo.

Damina biyu na bar kaza cikin gashinta.

Likitar ba ta kai 'yata ba a shekaru.
Ta juya bayan takarda ta yi zane.
Ta ce, tun da al'ada ta ɗauke,
wani sinadari, istirojin, ya rage aike.
Shi ke shayar da tantanin mafitsara da hanyar fitsari,
da hannunsa a cikin saƙar da ta riƙe mara,
wadda kan miƙe ta dawo.
In ya yi ƙaranci sai danshi ya ƙafe,
tantani ya yi shara-shara,
zare ya yi sako-sako.
Haihuwa uku sun ja nasu,
jiƙaƙƙen tarun da nake ɗagawa ma ya ja nasa.

Na ce, tsaya, likita,
kin shigo sana'ata.
Ragar da rana ta ci
ba a jefar da ita don ido ɗaya ya buɗe.
A nemo inda zare ke da sauran rai,
a kama daga nan.

Ta yi murmushi, ta rubuta man shafawa,
ɗan kaɗan, da dare.
Ta koya mini ƙullin da ba a yi da hannu:
matse, riƙe, ƙirga biyar, saki.
Kada ki riƙe numfashi, in ji ta.
Na riƙe. Muka sake.

Yanzu ƙulli biyu nake yi a zama ɗaya,
ɗaya a cinya, kowa na gani,
ɗaya a ciki.
Wata huɗu ke nan.
Ba zan ce ta koma sabuwa ba,
ran da tari ya kama ni ta kan tuna mini da kanta,
kuma har yau akwai ƙyalle a aljihun rigata.

Shekaranjiya na faɗa wa Sabela,
ido a kan allura.
Ta ajiye kwando.
Ta ce, ke, ni shekara shida!
Muka yi ta dariya, mu biyu, gwiwoyi a haɗe,
har masunta suka waiwayo.

Da yamma Uxía ta rugo daga makaranta,
hannu biyu a sama.
Na matse, na riƙe,
na ɗauke ta.
Yarinyar ta yi nauyi.